A Miƙa Masa Mai Taurin, Ko A Bar Shi Da Mai Daɗin?

Masu karatun ƙagaggun labarai a wannan yanki namu, daga Wanke zuwa cikin Gusau, har Tsafe da Bunguɗu, ba su da yawan da za su cika fili, amma suna da wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Malaman makaranta ne, da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, da ma'aikatan asibiti masu kwanan aiki, da matan aure da 'yan mata, waɗanda a gaskiya su suka fi kowa cin littafi. Gardamar kuwa ita ce: in abokin karatunka ya ce ka zaɓar masa abin da zai karanta, kana kuma da wani littafin kimiyya ko na al'ajabi da ya taɓa hana ka barci, amma ka san sai an yi gumi kafin a kai ƙarshensa, miƙa masa za ka yi, ko lalubo masa mai sauƙi?

Littattafan da ake magana a kai iri biyu ne. Akwai waɗanda ake gina labarinsu kan ilmin kimiyya: tafiya sararin samaniya, na'ura mai tunani, halin da duniya za ta shiga nan da shekara ɗari. Akwai kuma na al'ajabi, masu aljanu da dodanni da takubban tsafi da masarautun da babu su a taswira. Masu tauri a cikinsu su ne waɗanda marubucin ba ya tsayawa yi maka bayani. Sai ya tsunduma ka cikin wata duniya mai nata tarihi, da nata dokoki, da nata sunayen abubuwa, ya bar ka ka gano gabas da kanka.

Kafin a shiga cikin gardamar, a kawar da wata magana da wasu kan fara da ita, wai irin waɗannan labarai baƙi ne a wurin Bahaushe. Ba haka ba ne. Ƙagaggen labarin Hausa na boko da su ma ya buɗe ido. A gasar da Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya shirya a 1933, biyu daga cikin littattafai biyar da suka fito na al'ajabi ne tsantsa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Muhammadu Bello Kagara, inda jarumin ya gama gwabzawa da Turawa ya zarce ƙasar aljanu. A 1951 Ahmadu Ingawa ya fito da Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda asalinsa labarin wani gwarzon Rasha ne aka sa masa rigar Hausa. A 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata, kamfanin NNPC ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da wata halitta ta ɗauka zuwa sararin samaniya. Daga baya kasuwar littattafai ta Kano ta haifi nata gwanayen, irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini na littattafan yaƙi da Nazir Adam Salih. Ke nan ba nau'in labarin ake taƙaddama a kai ba. Taurinsa ne.

Masu cewa a miƙa suna farawa ne da zargi. Sun ce duk wanda ya ɓoye wa ɗan'uwansa littafi don wai ba zai gane ba, ya raina shi, ko da kuwa da sunan tausayi ya yi. Wa ya auna maka ƙwaƙwalwarsa? Wannan ƙasa ce da 'Yandoto, a ƙasar Tsafe, ta yi suna a matsayin matattarar malamai tun kafin jihadi. A zaurukanmu har gobe ana karanta Maƙamatul Hariri, littafin da Larabawa kansu sai da sharhi suke iya shiga cikinsa, kuma ƙagaggen labari ne na wani shaƙiyyi mai yaudarar mutane da zaƙin baki. Shi ne ma ɗaya daga cikin abubuwan da Abubakar Imam ya jingina da su ya gina Ruwan Bagaja. In almajirin da bai taɓa fita daga Wanke ba zai iya shekara yana fama da Hariri har ya ci ƙarfinsa, da wace hujja za a ce malamin firamare ba zai iya da littafi mai shafi ɗari biyar ba?

Hujjarsu ta biyu ta fi wannan nauyi, kuma ita ce na fi son a tsaya a kanta. Sun ce littattafan nan masu tauri sun fi masu sauƙin faɗa mana gaskiya game da halin da muke ciki. Ɗauki Dune na Frank Herbert, wanda ya fito a 1965. Wata duniya ce ta hamada zalla, inda ruwa ya yi tsadar da mutane ke sa tufafi masu tace zufarsu su sake sha, in mutum ya mutu kuma ruwan jikinsa na danginsa ne. Ƙarƙashin yashin akwai wani sinadari da duk manyan dauloli ke buƙata, saboda shi ake ta kashe-kashe, mazauna wurin kuwa su ne ƙarshen masu amfana. Mutumin Zamfara ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Ya san zinari. Ya san abin da ya faru a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, lokacin da niƙa duwatsun zinari a cikin gidaje ya watsa gubar dalma har yara fiye da 400 suka rasu. Ya san yadda arzikin ƙarƙashin ƙasa ke jawo baƙi da bindiga.

Akwai ma wani abu da Bahaushe ya fi Ba'amurke gane shi a littafin. Herbert ya ɗebo kalmomi da tunani masu yawa daga Larabci da tarihin Musulmi, har da jiran Mahadi. Jarumin labarin wani ɗan sarauta ne baƙo da ya tarar an riga an shuka wa mutanen hamadar labarin zuwan mai ceto, sai ya hau kan wannan fata tasu ya kai ga mulki, jini kuma ya kwarara. Wanda ya ji labarin Satiru, kusa da Sakkwato, da yadda aka shafe garin a 1906, ya san ba wasa ba ne a ce wa talakan da aka danne ga Mahadi ya bayyana. Abin da ke zame wa mai karatu a Landan ado a cikin labarin, a wurinmu tarihin kakanni ne.

Haka suke kawo Parable of the Sower na Octavia Butler, na 1993, wanda ta sa labarinsa ya fara a 2024. Wata unguwa ce a kusa da Los Anjalis da ta kewaye kanta da katanga, maza na gadi da dare, ruwa ya fi fetur tsada, 'yan sanda sai an biya su suke zuwa. Wata rana katangar ta faɗi, waɗanda suka tsira suka kama hanya a ƙasa suna neman inda za su zauna. Sai kuma Noor na Nnedi Okorafor, na 2021, wanda a arewacin Najeriya ma aka kafa shi: wata mata mai gaɓoɓin ƙarfe da wani makiyayi Bafulatani, dukkansu ana farautarsu saboda hoton bidiyo da ya nuna wa duniya rabin abin da ya faru. Masu wannan ra'ayi sun ce labarin soyayya na iya sanyaya maka zuciya, amma ba zai sa ka zauna kana tambayar yadda aka yi al'umma ta wargaje, da wa ke cin ribar wargajewar ba.

Suna da ta uku, gajeriya ce amma tana cizo. Marubuci daga mai karatu yake fitowa. Fiye da shekara hamsin bayan Tauraruwa Mai Wutsiya, labaran kimiyya na Hausa da za a nuna da yatsa ba su taka kara sun karya ba, littattafan yaƙi da yawa kuma hanya ɗaya suke bi: sadauki, boka, gimbiya, kogo mai ƙofa bakwai. Dalili, a ganinsu, shi ne marubutan junansu kawai suke karantawa. In ba wanda ya miƙa wa matashi abin da ya fi ƙarfinsa, abin da ya tarar shi zai ci gaba da juyawa.

To, sai ɗaya ɓangaren. Kada a ɗauka ragwaye ne, domin da yawansu sun karanta littattafan nan, wasu ma su ne suka fara kawo su gari. Abin da suka ce shi ne, masu cewa a miƙa suna magana kamar taurin iri ɗaya ne, alhali kusan duk littattafan da ake yabo da Turanci suke. Almajirin Hariri yana da malami a gabansa yana fassara masa kalma bayan kalma. Wanda ka miƙa wa Dune kuwa shi kaɗai zai koma ɗaki, da Turancin da ya samo a sakandaren gwamnati, ya tarar ban da Turancin ma akwai wasu ɗaruruwan sunaye da marubucin ya ƙirƙiro har sai da ya yi musu ƙamus a bayan littafin. Bayan kwana kaɗan zai dawo maka da shi ya ce, "Malam, wanga littahi naka ba ya karantuwa." Abin baƙin cikin ba mayar da littafin ba ne. Ya tafi ne da yaƙinin cewa karatun manya ba nasa ba ne, kuma da wuya ya sake tambayarka wani. Sun ce sun ga masu karatu da yawa da aka kashe wa sha'awa ta wannan hanya, kuma ba tunanin da ke cikin littafin ne ya kayar da su ba, harshe ne.

Sannan ga samuwa. Littattafan nan ba a saba ganinsu a teburin mai sayar da littattafai a kasuwa ba, sai dai a yi saƙo daga Kaduna ko Abuja ko Legas, kuɗin guda ɗaya kuma zai yi wa magidanci cefanen kwanaki. Mafi yawa a waya ake karanta su, ido na ruwa, caji na ƙarewa, wuta kuma sai ta ga dama. A watan Satumban 2021, da aka katse layukan waya a faɗin jihar nan tsawon makonni, kowa ya ga iyakar karatun da ya dogara da intanet. In abu ya yi wuyar samu haka, in ji su, zalunci ne ka sa mutum ya kashe kuɗinsa da cajinsa a kan abin da da ƙyar zai kai rabi.

Hujjar da ta fi taɓa ni a cikin nasu ita ce ta halin da ake ciki. Manomin da bai san ko zai iya zuwa gonarsa bana ba, ko malamar da ke bin hanyar Gusau zuwa Tsafe gabanta na faɗuwa, me za su yi da labarin unguwar da aka ƙone aka bar mutane a titi? Wannan ba gargaɗi ba ne a wurinsu, labarin jiya ne. Butler ta rubuta littafinta don ta farkar da waɗanda ke cikin kwanciyar hankali. Wanda ya riga ya kwana a daji yana gudun 'yan bindiga ba farkarwa yake nema ba, hutu yake nema. In ya same shi a littafin yaƙi inda sadauki ke sare azzalumai ya ceci gari, wa ke da ikon ce masa ya yi karatun banza? J. R. R. Tolkien kansa, mai The Lord of the Rings, ya taɓa kare irin wannan karatu a wata lacca, yana mai cewa a bambanta fursunan da ke neman tsira daga kurkuku da sojan da ya gudu daga fagen fama.

Akwai kuma batun addini, wanda a Zamfara, jihar da ta fara faɗaɗa aiki da Shari'a a 2000, ba a tsallake shi. Littattafan al'ajabi cike suke da sihiri, wasu da alloli barkatai. Jarumar Butler sabon addini ta ƙirƙira. The Left Hand of Darkness na Ursula Le Guin, na 1969, a kan wasu mutane yake waɗanda ba maza ba ne ba mata ba, sai a wani lokaci na wata. Who Fears Death na Okorafor, wanda ya ci babbar kyautar labaran al'ajabi ta duniya a 2011, yana da fyaɗe da kaciyar mata a fili. Masu taka-tsantsan sun ce in ka ba ƙanwar wani irin wannan, kai za a zo nema, kuma ba su manta cewa a 2007 an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano kan abin da bai kai wannan ba.

Ta ƙarshe ba su cika faɗinta da ƙarfi ba, sai an watse. Sun ce rabin masu tallar littattafai masu tauri ba don mai karatun suke yi ba, don kansu suke yi. So suke a san sun karanta. Wani ma fim ɗin Dune ya kalla, na 2021 ko na 2024, ya zo yana ba da fatawa a kan littafin. Duk wanda ya zauna a majalisar 'yan boko ya san wannan ba ƙazafi ba ne.

Yanzu in aka ɗora hujjojin a sikeli, ba nauyinsu ɗaya ba. Maganar harshe gaskiya ce tsagwaronta, kuma masu cewa a miƙa ba su da amsarta in ban da su yarda. Amma a lura da abin da ta tabbatar da abin da ba ta tabbatar ba. Ta nuna cewa Turanci mai nauyi shinge ne. Ba ta nuna cewa tunani mai nauyi shinge ne ba. Akwai littattafan da harshensu ke da sauƙi amma abin da ke cikinsu sai ka kwana kana juya shi, akwai kuma waɗanda harshen ne kawai ke da ƙaya. Kuskuren ɓangaren farko shi ne miƙa nau'i na biyu ga wanda bai shirya ba. Kuskuren ɓangare na biyu shi ne hana shi nau'in farko ma, don tsoron na biyun.

Maganar hutu kuwa, ina ganin ba mai ba da littafi ne zai yanke ta ba. Akwai wanda ya sha wahala yake son ya manta, akwai wanda ya sha irinta yake son ya ga an rubuta ta, ya san ba shi kaɗai ba ne, ya ga yadda wasu suka tashi bayan faɗuwa. Littafin Butler ma ba a kan ƙonewar unguwar ya ƙare ba, a kan yadda baƙin juna suka haɗu a hanya suka fara sabon zama ne, suna ɗauke da irin shuka a cikin kayansu. Abin da ya wajaba a kanka shi ne ka gaya masa abin da ke ciki kafin ya buɗe. In ya ce ba yanzu ba, ka bar shi, kada kuma ka yi masa kallon wanda ya gaza.

Batun addini rabinsa ina tare da su. Kowane littafi da shekarun mai karanta shi, kuma amana ce ka faɗa wa mutum, musamman ƙanenka ko ɗalibarka, cewa ga abin da za a tarar a shafi kaza. Ban ga laifin wanda ya ji haka ya ce ya yafe ba. Inda na rabu da su shi ne ɗaukar duk wani labari mai tambayoyi masu zurfi a matsayin barazana. A ƙarni na 12 Ibn Ɗufail na Andalus ya rubuta Hayyu bin Yaƙzan, labarin jaririn da ya tashi shi kaɗai a tsibiri, barewa ta shayar da shi, ya yi ta bincike da hankalinsa har ya kai ga sanin Mahalicci. Wannan shi ne ainihin aikin labarin kimiyya: a ƙaddara wani yanayi da bai faru ba, a bi shi a ga inda zai kai. Malaman Musulunci sun yi shi tun ƙarnoni da dama da suka wuce. Sihirin da ke cikin Ganɗoki da Magana Jari Ce kuwa an karanta shi a aji shekara da shekaru, bai mayar da kowa boka ba.

Abin da na tsaya a kai shi ne a miƙa, amma a miƙa irin ta malamin zaure. Ba wanda ke buɗe wa sabon ɗalibi Muhtasar ranar farko. Ahalari zai fara, ya bi ta Ishmawi da Iziyya da Risala, malamin kuma yana zaune yana jin inda yake tuntuɓe. Ba a ce Muhtasar ya fi ƙarfinsa har abada ba, ba a kuma ce ya dawwama a Ahalari ba. Masu cewa a miƙa sun manta da matakalar, masu cewa a bari sun manta cewa hawa ake yi da ita.

A aikace, wanda ya ƙoshi da littattafan Madakin Gini, ba The Silmarillion na Tolkien za ka ba shi ba, wanda ko masoyan Tolkien da yawa sun ajiye shi a hanya, ba kuma The Book of the New Sun na Gene Wolfe ba, inda mai ba da labarin kansa ba abin yarda ba ne. Ka ba shi A Wizard of Earthsea na Le Guin, na 1968. Gajere ne, Turancinsa a miƙe, labarin wani yaro makiyayin awaki da girman kai ya sa ya saki wata inuwa a duniya, ta dinga binsa. Ƙarshensa, wanda ba zan faɗa ba, ya isa a yi mako ana gardama a kansa. Yarinyar da ke fama da gida kan zuwa jami'a, Binti na Okorafor ya dace da ita, bai kai shafi ɗari ba, kuma ya ci kyaututtukan Hugo da Nebula a 2016: 'yar ƙabilar Himba ce ta sulale da dare ta tafi karatu wata duniya, ɗauke da jar ƙasar garinsu da take shafawa a jiki. Daga nan Noor, daga nan Dune. Wanda ya ji daɗin Gandun Dabbobi, fassarar Bala Abdullahi Funtuwa ta 1975, kuma siyasa ke motsa shi, hanyarsa ta nufi The Dispossessed na Le Guin, na 1974, mai kwatanta duniyar da ba a mallakar komai da duniyar da komai na sayarwa ne. Sai dai ka gaya masa tun farko cewa babi-babin littafin tsallake suke yi tsakanin da da yanzu, don kada ya zaci shafukan ne suka hargitse.

Sauran sharuɗɗan ba su da yawa. Kada ka ba da abin da kai ba ka gama ba. Ka faɗi inda taurin yake da gaskiya, ka ce masa shafi hamsin na farko akwai duhu, ya daure. In ya kai rabi ka neme shi ku tattauna, ko a bakin shago ne bayan la'asar, domin yawancin masu ajiye littafi ba wahala ce ke sa su ajiyewa ba, rashin wanda za su tambaya ne. In kuma ya dawo da shi bai gama ba, ka karɓa ba tare da wa'azi ba, ka ba shi wani.

Duk da haka, gardamar nan ba za ta mutu ba muddin sai an bi ta Turanci kafin a kai ga waɗannan labarai. Liu Cixin da Sinanci ya rubuta The Three-Body Problem, littafi mai cike da lissafin taurari, mutanen ƙasarsa suka karanta shi da harshensu, sai daga baya aka fassara shi zuwa Turanci a 2014, ya ci kyautar Hugo a 2015, karo na farko da fassararren littafi ya ci ta. Mu kuwa muna jiran yaranmu su ƙware a harshen wasu kafin su ɗanɗana. Alhali mutanen da ke cika gidajen kallo don finafinan Indiya masu fassarar Hausa, da masu sauraron littattafan yaƙi a waya na sa'o'i, sun riga sun nuna cewa kasuwar tana nan.

Saboda haka kirana ga malaman sassan Hausa na jami'o'inmu, na Gusau da Sakkwato da Kano da Zariya, da masu shirya gasar rubutu irin Hikayata ta BBC Hausa da ake yi tun 2016, da marubutanmu na Zamfara. Frankenstein na Mary Shelley na 1818, da The Time Machine na H. G. Wells na 1895, da Hayyu bin Yaƙzan, duk sun daɗe da fita daga ƙangin haƙƙin mallaka, ba a buƙatar izinin kowa kafin a mayar da su Hausa. A ba ɗalibai irin wannan aiki a matsayin kundin kammala digiri, a buga mai kyau a cikinsu da araha, a karanta shi a rediyo. Kai kuma mai karatu da ke da littafi mai tauri a ƙarƙashin katifa, ka duba cikin abokanka wanda ya kai matakinsa, ka kai masa, ka sa ranar da za ku zauna a kansa.